Inna Ta Hau Hasumiyar Agogo

"Sake ni! Ƙafata ce ko taki?" Inna ta fizge hannunta daga na Auta, ta ci gaba da hawan matakalar tsohuwar hasumiyar agogo tana haki.

Auta ta waiwayi yayanta. Shi ya ce a biye wa tsohuwa ta ba idonta abinci, tunda gobe za a kwashe ta daga gidanta zuwa nasa. Hujjarsa ɗaya ce: wai Inna ta fara ruɗewa, ta bar ƙofa a buɗe har akuyarta ta ɓata. Auta ba ta so, amma ta rasa bakin musu.

"Inna, gwiwarki fa," in ji Yaya.

"Gwiwar da ta sha ɗaukar ƙaton kanka ce za ta gaza yau?"

A can sama mai gadi ya fara bayanin ƙararrawa, Inna ko kallo bai ishe ta ba. Ta wuce taga ta ƙura wa unguwarsu ido. Auta ta share ƙwalla, ta ɗauka bankwana uwarsu take yi da gidanta.

"Auta, ara mini idonki. Gidan wa ke nan mai koren ƙyaure?"

"Na Yaya ne."

"Me ke ɗaure a bayan kicin?"

Auta ta leƙa. Akuyar Inna ce, tana tuƙa abinta.

Inna ta zauna ta miƙe ƙafa, ta dubi Yaya. "Sauka ka kwance ta ka mayar mini gidana. Ina kallonka daga nan."