Aljanin da Ke Jan Kunnen Hagu

Jikarsa ce ta fara lura. Ranar Asabar da hantsi tana kwance rub da ciki gaban talabijin, ta waiwayo ta dubi Mai Agogo, ta sake duban allon, ta ce ai wannan aljanin Kaka ne.

Ba ma wani aljanin kirki ba ne. A shirin katun ɗin akwai sarkin aljanu mai kai uku, akwai dodanni masu aman wuta, sai wannan ɗan figigin, kore shar, ƙahonsa ɗaya a karye, ana ce masa Sulale. Da ƙyar yake cika minti ɗaya a kowane kashi. Da yaƙi ya yi zafi sai ya ja kunnensa na hagu sau biyu, ya hure hannun jakarsa kafin ya ɗauka, ya karkata kafaɗa, ya zame ta bayan mayaƙa.

Mai Agogo yakan ja kunnen hagu sau biyu in zai faɗi magana mai nauyi. Yakan hure duk abin da zai ɗauka, ko cokali ne, sabon shekara arba'in na hure ƙura daga cikin agogo. Matarsa ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Kafin wata ya zagayo maganar ta isa kasuwa. Mutane suka riƙa kawo matattun agogai da ba su da niyyar gyarawa, don dai su ga ya hure su. Wata mata ta roƙi ya ja kunnensa ta ɗauki hoto. Ya fara zargin mai gyaran wayar da ke kallon rumfarsa da ɗaukarsa a ɓoye, ya koma kan surukinsa da ba ya rabo da kwamfuta. Duk suka rantse. Ya juya teburinsa ya fuskanci bango, ya riƙa zama a kan hannunsa na hagu in yana magana. Amma kowace Asabar, da ƙarfe goma, yana tsaye bayan kujera yana kallo, wai ruwa ya shigo sha.

A kashi na tara Sulale ya yi fito.

Gajeren fito ne, sauti biyar, na ƙarshen ya haura sama kamar tambaya. Matarsa ta tafa hannu ta ce to magana ta ƙare, ba shi ba ne, don tun da ta san shi, yana sabon zuwa garin da jaka ɗaya, shekara talatin da shida ke nan, ba ta taɓa jin ya yi fito ba.

Ranar sau uku yana buɗe agogo ɗaya yana rufewa, har wani ɗan kusa ya faɗi ya ɓace a ƙarƙashin tebur. Fiton ba daga rediyo ya fito ba, ba waƙar kowa ba ce. Shi ya ƙirƙire shi da bakinsa tun yana da sauran gashi a ka, kuma ya bar shi tuntuni.

Asabar ta gaba ya jira sunayen da ke gudu a ƙarshen shirin, ya kwafe sunan kamfanin a bayan ambulan. Ranar Litinin bai buɗe rumfa ba. Ya sa rigarsa mai guga, ya canja mota biyu, yana ta maimaita abin da zai faɗa: shi dattijo ne mai jikoki, ba abin wasan yara ba.

Ofishin yana hawa na uku, saman wani shagon katifu. Dogon ɗaki ne cike da matasa, kowa ya sunkuya kan allonsa. Sakatariya ta zaunar da shi, ta kawo masa ruwa. Ya hure kofin kafin ya ɗauka. Wani ya zunguri na kusa da shi, ɗakin ya yi tsit.

Aka kirawo wadda ta ƙirƙiro Sulale. Mace ce mai shekara talatin da biyar, fensir soke a gefen ɗankwalinta, yatsunta duk tawada. Ta gaishe shi da ladabi, ta ja kujera.

Ya zayyana mata komai: kasuwa, masu hoto, teburin da ya juya. Ya ce yana so ya san wa ya ɗauke shi a ɓoye, kuma a goge aljanin. Tana saurare, amma ba fuskarsa take kallo ba, hannunsa take bi da ido yana hawa zuwa kunne yana saukowa.

Ta ce masa babu wanda ya ɗauke shi. Ba ta taɓa zuwa kasuwarsu ba, ba ta san surukinsa ba, kuma Sulale yana cikin littattafan zanenta tun tana firamare. Ta ce in yana so a ɗauko su.

Ya kai hannu ga kofin, ya fasa ɗauka.

"To fiton fa? Wa ya koya miki shi?"

Ta zare fensirin daga ɗankwalinta ta ajiye a tebur a hankali. Muryarta ba ta tashi ba.

"Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ba mu da hoto ko ɗaya, shi ya sa takan tashi tsaye ta kwaikwaya mini, don in san kamannin babana, wani mai gyaran agogo da ya ɗauki jakarsa ya fita tana da cikina na wata biyu, tun ba ta faɗa masa ba."