Rodin Baranda

Injin gwaji ya ja rodin, ya ja, sai ji kake ƙas, ya tsinke gida biyu. Ɗalibai suka ja da baya, Auta kuwa ta matso tana leƙen bakin karayar.

"Ke, zo nan," in ji malamin.

Guduma suke kiransa a bayan ido, kuma wallahi sunan ya dace. Shi ke koyar da ƙarfin kayan gini, yadda ƙarfe ke miƙewa, yadda kankare ke tsagewa. Mutumin da zai yaga maka aiki a gaban aji ko gezau, amma Auta bai taɓa ɗaga mata murya ba. Tun ranar farko da ya tambaye ta 'yar wane ce, ya yi wani ɗan murmushi, ya ɗauke ta 'yar gaban goshi.

Al'adarsa ce duk shekara ya ba gwanin aji ɓaraguzan wani gini da ya taɓa rushewa, ya gano musabbabin, ya bayyana a gaban iyaye ranar baje kolin ayyuka. Bana ita ya miƙa wa guntun wata barandar makaranta.

Auta ta ji kamar ta tashi sama. Babanta mai shagon fenti ne, mutum shiru-shiru, wanda tun farko ya ce ta karanta komai ban da injiniyancin gini. Ko zanenta ya gani a kan tabarma, sai ya kau da kai ya fice. Abin yana ci mata rai. Ba ta da burin da ya wuce ya kalle ta sau ɗaya ya ce ta yi ƙoƙari.

Ta duƙufa. Ƙarfen lafiya lau, simintin ma ba laifi. Sai da ta fasa kankaren ta ga aika-aikar. Barandar da ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, samanta ne ke shan ja, can ake shimfiɗa rodi. Wannan kuwa a ƙasa aka jera shi, kuma ba kuskuren leburori ba ne, haka aka tsara.

"Madalla," in ji Guduma. "Kada ki sassauta wa wanda ya tsara ta. Kuma lallai babanki ya zo, na tanadar masa kujerar gaba."

Da ƙyar da magiya ta jawo tsohon. Ya zauna a takure, hula har gira.

Ranar kam Auta ta zuba ilimi. Ta nuna inda tsagar ta faro, ta nuna yadda barandar ta rufto da yara a kanta da ƙarƙashinta.

"To, me za ki kira injiniyan da ya tsara wannan?" Guduma ya tambaya a hankali.

"Jahili ne, Malam, kuma mai kisan kai. Ko ɗan aji ɗaya ba zai yi wannan ba. In yana raye, ban san yadda yake iya haɗa ido da 'ya'yansa ba."

Aka ɗau tafi raf-raf. Ta juyo da fara'arta tana neman idon babanta, sai ta ga kansa a sunkuye.

Guduma ya tako har gaban tsohon, ya jira tafin ya lafa, sannan ya sunkuya.

"Injiniya, ka ji da kunnenka. Tawa 'yar a ƙarƙashin barandarka na ciro ta, shi ya sa na yi haƙuri har taka ta girma."