Kamfanin da Zayyanu Ke Aiki

"Kada ki ce gidan yari a gabanta," in ji Riskuwa. "Ki ce firizin. Inna ba ta jin Turanci."

Haka shi da ƙanwarsa Mansura suke yi tun da aka ɗaure autansu Zayyanu a Argungu kan satar injin ban ruwa. Inna mai hawan jini ce, sai suka ce mata ya samu aikin gadi a wani kamfani, Firizin. Ta ce Allah ya sa albarka.

Abin da ke cin ran Riskuwa shi ne wanda ya nuna wa 'yan sanda maɓoyar yaron, ɗakin albasa na cikin gidansu a Ambursa. Zarginsa ya tsaya kan maƙwabcinsu Abbas.

Da hantsi ya zauna yana wasa adda. "Shi ya jefa mana yaro firizin," ya ce wa Mansura. "Yau zai gane kurensa."

Inna ta ɗago kai daga tsintar shinkafa.

"Aje addar nan, Riskuwa. Wa kake zaton nike kai wa dambu Argungu duk sati? Na san wanga kamfani naku."

Riskuwa ya aje addar. Inna ta ci gaba.

"Ranar da aka kama shi, ina ji ta bayan katanga samarin fadama na haɗa fetur da taya don su ƙone shi. Gara in gan shi a ɗaure da in gan shi a makara. Wayar Abbas kawai na ara. Ni na kira 'yan sandan."