Matashin Fata a Kujerar Baya

Ka ce motarka ta fara shan mai kamar ba haibirid ba ko? To zauna a bencin nan, Malam Tanimu, in ba ka wani misali kafin injin ya huce. Ni ba na taɓa mota da zafinta, kuma ba na taɓa ta sai mai ita ya saurare ni.

An yi wani tsohon malamin gona da ya sayi irin motar nan bayan ya ajiye aiki, ba don ƙawa ba. 'Yarsu ɗaya tilo aure ya kai ta can gabas, tafiyar yini guda, aka kuwa gaya masa wannan mota da fetur da batir take tafiya, tanki ɗaya zai kai shi har da saura. Haka ɗin ne. Duk ƙarshen wata sai ya ɗauki matarsa su kama hanya. Ita ba ta zama gaba, kunya irin ta mutanen da. Kullum tana baya ta hannun dama, ta tokare bayanta da wani matashin fata mai audugar rimi, tana ɓare gyaɗa tana miƙo masa ta kan kafaɗa. In sun shiga gari injin ya yi tsit batir ya karɓa, har ƙarar ɓawon gyaɗar yake ji. Shekara huɗu suna haka, sai Allah ya karɓi abarsa. Da aka share makoki ya buɗe motar, ya tarar da matashin kwance inda ta bar shi. Ya naɗe shi da mayafinta, ya cusa shi a lungun da ke tsakanin kujera da ƙofa don kada ya faɗo, ya danna shi da kyau. Daga ranar ba a ƙara buɗe ƙofar nan ba. In yana tuƙi ya ɗaga ido ya hango bakin mayafin a madubi, sai ya ji kamar yanzu hannun nan zai miƙo. Kewarta yake yi mai tsanani, kuma abin da ya rage masa nata a duniya shi ne 'yar nan, mai irin muryarta da irin dariyarta.

Sannu a hankali mota ta canja hali. Injin da ke hutawa a cikin gari ya daina hutawa, sai gurnani daga ƙofar gida har inda za a je. Tankin da ke kai shi da saura ya koma ƙarewa a tsakiyar hanya. Fansho kuwa ba ya miƙewa, don haka zuwan wata-wata ya koma bayan wata biyu, ya koma bayan uku. Ya ce 'yan gidan mai ne ke tauye mudu, ya sake gidan mai. Ya ce tayoyi ne ba iska, aka hura. Aka sake filogi, aka juye baƙin mai, aka kaɗe matatar iska, duk a banza. Kowane gareji ya je sharaɗinsa ɗaya ne: a duba ko'ina, ban da kujerar baya. Makanikai kuwa ka san mu, mai mota ya ce kar a taɓa, wa zai taɓa? Ana nan 'yar ta haihu, mace, aka aiko masa cewa sunan marigayiya za a sa mata, kuma shi ake so ya zo ya yi addu'a. Mutumin nan ya yi kwana shida yana shiri kamar mai zuwa Makka. Ana gobe suna ya cika tanki ya fita da sassafe, lokacin bazara, rana kamar ta fasa kwalta. Bai ci rabin hanya ba fitilun gargaɗi suka kunnu a gabansa, mota ta yi sanyin jiki, ta ja gefe ta tsaya.

Wani dattijon makanike aka kira masa daga ƙauyen da ke kusa. Ya saurari labarin shan man, bai nufi inji ba, sai ya zagaya ya buɗe ƙofar baya tun mai motar bai buɗe baki ba, ya zare matashin. A ƙarƙashinsa ga wata 'yar taga mai raga, faɗin tafin hannu. Ta nan fanka ke jawo wa babban batir iskar da ke sanyaya shi. Wata tara tana toshe, audugar da ta tsiyaye daga ɗinkin matashin ta cushe ragar kamar an yaɓe ta. Batir yana ɗaukar zafi, motar tana ƙin dogara da shi, inji yana jan kayan biyu shi kaɗai, har batirin ya gasu. Dattijon ya miƙa masa matashin da hannu biyu ya ce, "Ga shi, Malam. Motar numfashi take nema." Kafin a samo mai jan mota, kafin ya samu ta haya, an raɗa suna an watse. A bakin hanya ya yini ya kwana rungume da matashin, mai sunan kuma tana can a hannun wasu.

Ya zargi gidan mai, ya zargi taya, ya zargi makanikai, amma ko sau ɗaya bai zargi abin da yake kallo a madubi kullum ba. Yanzu tashi ka buɗe min ƙofar bayan motarka mu gani. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce so hana ganin laifi.