Takardar Komawa Aiki

Sai da ma'aikaciyar jinya ta kira sunan sau biyu kafin Dogo ya miƙe. Shi kaɗai ne namiji a kan bencin, sauran duk tsofaffin mata ne, kowacce da sandarta. Wata ta ɗago ta ƙare masa kallo. "Ɗana, kai ma ƙashin ne? Da wannan uban ƙirjin?" Aka kwashe da dariya. Shi dai ƙasa yake kallo.

Takarda ɗaya ta kawo shi. Shugaban magina ya rantse cewa wanda likita ya ce ƙashinsa ya koma kamar soso ba zai sake taɓa masa aiki ba, sai da shaidar asibiti. Shekara guda ke nan da aka ajiye cokalin gini, ana zaman gida.

Aka auna tsayinsa. Ma'aikaciyar ta dubi kati, ta dube shi. "Ikon Allah! Mutane na raguwa, kai ƙaruwa kake yi. Wanda ya auna ka bara gyangyaɗi yake." Ta soke, ta gyara.

Ya kwanta a kan na'urar awon ƙashi. Hannun ƙarfen ya bi ta saman ƙugunsa a hankali.

Likitar sabuwa ce, ba ta yi wata uku a wurin ba. Ta jera sakamakon bara da na yau, ta daɗe tana kallo.

"Malam, ƙwayar nan ta mako-mako fa?"

"Ana sha."

"To, ko dai tsohuwar na'urar ta yi mana ƙarya, ko kuma an dace. Ƙashinka ya fi nawa ƙwari. A daina maganin, ka koma bakin aikinka." Ta jawo hatimi. "Ka burge ni da ka zo da ƙafarka. 'Yan'uwanka maza cewa suke ciwon mata ne, sai an kawo mana su a kwance."

Dogo ya buɗe baki. Kafin ya yi magana, hatimin ya riga shi sauka. Ƙato guda, ya karɓi takarda da hannu biyu, ya fita sumsum.

A wurin ginin ya tarar da yayansa zaune a kan bulo, ya dafe ƙugu. Yaya ya fizge takardar, ya lallaɓa ya kai wa shugaba, ya dawo bakinsa har kunne.

"Yaya, ta ce a daina maganin. Don Allah kada ka daina."

"Kai dai ka rufa mini asiri, ƙanena. Ai na gaya maka, in dai da katina a hannunka, ba mai bambance mu."

Sannan Yaya ya sunkuya a hankali, da ƙashin da ba wanda ya sake aunawa, ya rungumi buhun siminti.