Cizon Sauro

Ƙanin matar maigidan ya dire kwandon mangwaro ya ce, "Yaya, ɗaga riga mu ga aikin."

Ya ɗaga. 'Yan huji huɗu ne kacal, ta nan likita ta bi ta yanke kansar hanjin.

"Haba! Don wannan cizon sauron na taso tun daga birnin Multan? A ba ni mangwarona!"

"Taɓa ka gani, marowacin banza!"

Matar ta fi kowa dariya. Da dariyar ta shige ɗaki, ta buɗe akwati. Likkafanin mijinta da suka jiƙo da zamzam a Makka yana sama, a goge, tun ranar da aka kwantar da shi asibiti. Ta mayar da shi can ƙasa, ta danne da barguna.