Tukunyar Gas a Zaure

Tunda ka ce tun ranar da abokin sana'arka ya buɗe sabon shago abinci ya daina yi maka daɗi, bari in ba ka wani misali, in ya so ka yi yadda ka ga dama da shi.

An yi wata mata mai waina a wani gidan haya, irin gidan nan mai ɗakuna a jere da madafa ɗaya a tsakar gida. Hannunta na da daɗi, wannan ko maƙiyinta ba ya musu. Kullum da sassafe zauren gidan cike yake da 'yan acaɓa da leburori suna jiran waina, don ka san namiji baƙo ba ya wuce zaure a gidan matan aure, nan suke tsayawa ta miƙo musu. Da wannan tanda take ci, da ita take ciyar da 'ya'yanta. A ɗakin da ke jikin nata kuwa akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu, hayaƙin itace ya kusa cinye mata ido. Ran nan sai ga surukin tsohuwar ya sauke mata tukunyar gas sabuwa fil. Tsohuwa ta murɗa, ta ƙyasta ashana, wuta shuɗiya ta tashi, ba hayaƙi ba fifita. Matan gida suka taru suna sa albarka. Mai waina ma ta sa, amma iyakarta leɓe.

Tsohuwar nan ba ta tare mata komai ba, ko gyaɗa ba ta sayarwa. Sai dai ita hassada ba ta jiran a taɓa mutum. Mai waina tana durƙushe gaban murhu tana hura wuta, ga hawaye ga majina, sai ta ɗaga kai ta ga tsohuwa har ta sauke, gindin tukunyarta fari tas kamar ba a taɓa ɗora ta ba. Ita da ke ciyar da rabin unguwa tana fama da toka, wadda girkinta bai wuce cikin cokali ba ita ce da gas? Daga nan ta fara jin warin gas ko da tukunyar na rufe, ta toshe hanci in za ta gifta. Da ta ga ba wanda ya kula, sai ta yafa mayafi ta tafi wajen mai gidan. Ta ce, "Alhaji, ka yi wa Allah ka fitar mana da abin nan daga tsakar gida. Ga murhuna a gefe, ga yara na guje-guje. Ranar da ta fashe, ba gidanka kaɗai za a rasa ba." Alhaji kuwa ba abin da yake tsoro a duniya kamar gobara. Nan take ya yanke cewa tukunya ta koma zaure inda iska ke ratsawa, a can tsohuwa za ta riƙa girkinta. Mai waina ta ji sanyi har cikin ranta: tsofai-tsofai da mutum, a ce yana girki a bakin ƙofa. Tsohuwa ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno ta bi tukunyarta.

Ana haka damina ta sauka. Wata safiya aka tashi da ruwa, itacen mai waina ya jiƙe sharkaf, ta yi ta hurawa ba ya ba da komai sai hayaƙi. Masu ciniki sun cika zaure sun takure don sanyi, ga yunwa, ga tsohuwa a tsakiyarsu tana soya ɗan ƙosan da za ta karya da shi. Ƙamshi ya cika musu hanci. Wani ya kasa haƙuri ya roƙi Iya ta sam masa, ta ba shi kyauta, ta ba na kusa da shi, har ƙullunta ya ƙare. Suka ce don Allah gobe ta ƙara yawan wake, za su saya. Sai da rana ta ɗaga sannan wutar mai waina ta kama. Ta fito da faranti shaƙe da waina, ta tarar da zaure wayam, sai tsohuwa tana goge kasko.

Kafin damina ta raba, tsohuwa ta ƙara da kunu, ta ƙara da waina ma, don tandar ƙarfe ba ta ƙin wutar gas. Mai yunwa kuma ba ya tsallake abinci mai zafi a gabansa ya jira wanda ke bayan katanga. Mai waina ta koma wajen Alhaji tana cewa bai dace a bar dattijuwa a cikin maza ba, a mai da ita ciki. Alhaji ya ce shi kam ba zai haɗa gas da murhu a wuri ɗaya ba, ai ita ta faɗakar da shi, ya kuma gode mata. Yanzu kullum in ta sayo itace, dole ta zauren nan za ta ratso, ta ce wa masu cinikinta na da su ɗan matsa ta wuce. Suna matsawa, bakinsu cike da wainar tsohuwa.

Da ta bar tsohuwar nan a lungunta, da har yau kunun mutum ɗaya take damawa. Ita da ƙafarta ta je ta nemo mata bakin kasuwa. Ka ji inda Hausawa suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.